Sharhin da na yi wa mai busa turambon, da yadda na koma na gyara

A shekarata ta biyu a Landan 'yar mujallarmu ta ɗalibai ta tura ni in yi sharhi kan wata matashiya mai busa turambon da ta fitar da faifanta na farko na jaz, kuma duk kiɗan ita ta tsara da kanta. Inda take wasan ba Ronnie Scott's ba ne fa, shahararren kulob ɗin jaz ɗin nan na Landan, wani ɗan kulob ne a ƙarƙashin ƙasa. Ga wanda bai sani ba, turambon shi ne ƙahon tagullan nan da ake zuge shi gaba da baya, wuri bakwai hannu ke tsayawa kuma babu alama ko ɗaya a jikinsa, kunnenka ne zai gaya maka ka kai ko ka zarce.

Ni lokacin J.J. Johnson kawai nake ji, mutumin Indiyanafolis ɗin nan da ya nuna turambon ma zai iya gudun bibop, wato salon jaz mai sauri, kamar saksofon, to da ma'auninsa na shiga. Na zauna can baya, na ji ba ta gudu, na dawo gida a daren na rubuta cewa tana da sauti mai kyau amma hannunta bai nuna ba tukuna, na ba ta tauraro uku cikin biyar irin yadda mujallar jaz ta DownBeat ke yi. Sauran masu sharhi ma kusan haka, wani shekarunta ya tsaya a kai, wani kuma mamaki yake wai mace da turambon, babu wanda ya taɓo tsarin kiɗan sam.

Bayan sati biyu na koma, wani dattijo da ke zuwa kullum ya ce min "yaro, sau nawa ka saurari faifan kafin ka yi rubutu?" Wallahi sau ɗaya ne, shi ma a bas. Ya ce to zo ka zauna gaba.

Nan na ga abin da ya wuce ni. Ta ɗauko robar nan da ake buɗe bututun banɗaki da ita tana rufe bakin ƙahon tana buɗewa da hannun hagu, sauti na fita kamar mutum na magana, salon da Tricky Sam Nanton ya yi suna da shi a ƙungiyar Duke Ellington, kuma ashe rashin gudun da gangan ne, ainihin karin waƙar ma mai bes, wato babban kayan kiɗan nan na tsirkiya mai kaurin sauti, ta ba wa, ita tana ƙasa tana amsa masa kamar 'yar amshi, sai can ƙarshe ta karɓe. Har gumin da ke hannunta ina gani, da yadda take ɗaga gira mai ganga ya sassauta. Ita fa ƙungiyar gaba ɗaya take busawa, ni kuma na je ƙirga saurin hannu.

Dattijon ne ya sa na nemi Melba Liston, mai busa turambon da aka haifa a 1926, ta yi busa da gwanin bibop Dizzy Gillespie amma babban aikinta tsara kiɗa ne, ita ta tsara wa mai fiyano Randy Weston faifan Highlife na 1963 bayan ya je Legas. Abin ya dame ni, don da irin kunnen da na shiga da shi ita ma uku zan ba ta.

Tun daga nan ba na rubutu sai na ji faifai sau uku, na farko mai busa, na biyu sauran makaɗa, na uku wa ya ba wa wane me. Kuma na daina buɗe sharhi da sunan wani tsohon gwani, don da ka ambace shi matashin ya zama inuwa. Na roƙi edita ya ba ni rabin shafi, na rubuta na biyu, layin farko na ce na yi kuskure, sauran duk a kan mai bes da robar nan ne.