Gajeren wando daga cikin katalog

Tun muna yara a Zango, cikin Damagaram, telan unguwarmu yana da wani tsohon katalog na La Redoute, kamfanin da ke sayar da tufafi ta gidan waya, kaurinsa ya kai bulo, gefen shafukan duk sun yi baƙi saboda yawan taɓawa. Ba mu taɓa yin odar komai ta gidan waya ba. Hoto kawai ake nunawa, baba ya sayo yadin kaki a kasuwar Dole, tela ya kwaikwaya.

Kamfanin a garin Roubaix yake, arewacin Faransa. Da kaɗin zaren ulu ya fara a 1837, sai a 1928 ya fitar da katalog ɗinsa na farko. Amurka ta riga su: kamfanin Montgomery Ward ya fitar da katalog tun 1872, kamfanin Sears ya biyo baya. Uwa tana ƙauye, ta auna ƙugun ɗanta, ta cika takarda, kaya su iso ta jirgin ƙasa. A Faransa ta wancan zamani yaro da gajeren wando yake zuwa lakwal, har cikin sanyi, sai ya fara tasawa a ba shi dogo.

Daga baya Faransawa kayan bazara suke kiransa, na wata uku. Mu a Damagaram zafin Afrilu bai san wata uku ba.

Telan namu kuwa kullum sai ya ƙara tsawo ya rufe gwiwa, yana cewa: "Alhaji, da wannan na hoton ai ba a shiga masallaci." Sears ya daina babban katalog a 1993, gwanjo kuma ya karya kasuwar ɗinkin yara a nan.