Na je Legas wajen masu fodkas

Legas ta gama min da ƙafafu amma wallahi tafiyar ta biya. Wasu matasa masu yin fodkas, wato shirin hira irin na rediyo da ake sakawa a intanet, da muke guruf ɗaya a WhatsApp ne suka matsa in zo in ga yadda suke aiki, ni kuma na tattara na tafi.

A Agege na sauka, gidan wani dattijo mutumin Kano mai harkar canji, mutumin kirki na ƙarshe, ko ruwan leda bai bari na saya da kuɗina ba. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya ce "Yaro, ita wannan fodkas ɗin a mita nawa ake kama ta?" Na ce Baba ai a waya ake ji. Ya ce to datar fa, wa zai saya. Na yi dariya amma fa tambaya ce.

Situdiyon nasu a Yaba yake, can wajen Akoka kusa da jami'a. Ni ina ta hasko wani gini mai gilasai, ashe ɗan ɗaki ne da bai kai shagon mai cajin waya ba, an jingina tsofaffin katifu a bango an manna kwalin ƙwai a silin, makirfo biyu da kwamfuta ɗaya, shi ke nan. Kafin a fara ɗauka sai an kashe fanka saboda ƙara, ka zauna kana zufa kamar an watsa maka ruwa, ga janareton maƙwabta ga coci a baya, ranar Lahadi ma ba a aiki sam. Shiri huɗu ne ke raba ɗakin, jadawali na nan manne a ƙofa, kuma ba kuɗi suke biyan juna ba, wannan ya gyara wa wancan sauti, wancan ya zana masa hoton shiri, wata ita ce mai yanka gajerun bidiyo na TikTok da Instagram ga kowa. Mu a Zoo Road ta Kano akwai situdiyon da ya ninka wannan kayan aiki, amma je ka ce wani ya koya maka editin kyauta ka ji amsa.

Na tambaye su kuɗi fa, tunda Spotify, manhajar sauraren waƙoƙi da fodkas, ya shigo Najeriya tun 2021. Suka kwashe da dariya, wai yawan saurare ba ya cika aljihu, abin da ke riƙe su talla ce da mai shiri ke karantawa da bakinsa, sai YouTube, sai taron da ake sayar da tikiti a ɗauki shirin gaban jama'a. Su kuma abin da ya ɗaure musu kai shi ne da na ce musu a wajenmu mai shayi da mai gadi kunnensu na kan rediyo tun asuba, Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, rediyon Freedom ta buɗe a Kano 2003, kuma shiri in ya yi daɗi ta Xender ake tura shi hannu da hannu. Wata a cikinsu ta ce ku kuna da masu ji, mu nema muke.

Washegari aka kai ni wani situdiyo na 'yan gayu a Lekki. Mai gadin rukunin gidajen ya kalli hulata ya kalli takalmina ya shanya ni a rana yana amsa min a wulaƙance, sai da mai wurin ta fito da kanta. Ciki kam ya haɗu, kyamara uku da kujerun alfarma, sai dai kuɗin awa ɗaya zai yi min cefanen sati. Hirar da na tarar ana yi kuma ba ta kai ta ɗakin katifu armashi ba.

Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Ikeja, na shiga don makirfo, yaron shago ya yanka min farashi na taya rabi, ya rantse ya kuma rantse, ina juya baya ya kira ni. A Farm Centre, kasuwar wayarmu ta Kano, da kunya za ta hana ni irin wannan tayi.

Jirgin ƙasa na hau daga Ebute Metta zuwa Ibadan, daga nan mota har gida.