Malam Buɗe Littafi da Dashen Lemo

Sana'ata renon dashe ce. Lambuna yana kan hanyar Ajiwa, bayan garin Katsina, inda muke tsirar da mangwaro, gwaiba da darbejiya a leda. Amma lemo ne jarin gidan, shi masu gonaki daga Mashi, Jibiya har Maraɗi suka fi nema, kuma duk mai renon lemo dole ya san malam buɗe littafi.

Wanda ke zuwa mana babba ne, baƙi mai ɗigon rawaya, da tabo ja da shuɗi kamar ido a fiffiken baya. Da damina ya fi yawa. Macen ba ta zama sosai, tana kaɗa fiffike take manna ƙwai ɗaya a kan sabon toho ta wuce gaba. Kafin mako ya zagayo tsutsa ta fito.

A nan sabon yaro ke ruɗewa. Ƙaramar tsutsar baƙa-baƙa ce da ratsin fari, sak kashin tsuntsu, sai ya gan ta ya wuce. Tana ci tana saɓa, a saɓar ƙarshe ta koma koriya shar, ta saje da ganye. In ka taɓa ta sai ta fito da wani abu mai rassa biyu daga bayan kanta, mai wari, don korar maƙiyi. A lokacin ne cinta ya fi muni: dashen da aka yi wa aure, wato aka haɗa masa reshen wani lemon, aka sha wahalar ban ruwa, sai a wayi gari ba ganye. Bayan nan ta ɗaure kanta da zare a jikin reshe, ta ƙame, wajen mako biyu ko uku malam ya fito.

Maƙwabtana feshi suke yi. Ni ban yarda da shi a kan ƙananan dashe ba, don yana kashe ƙudan zuma, ga tsada. Da hantsi nake cewa, "Samari, ku duba toho, ku juya ganye." Mu murje ƙwai, mu tsince tsutsa da hannu. Wasu mukan kai su kan tsohuwar bishiyar lemun tsami da ke bakin rijiya, wadda cin nasu ba ya yi mata komai, domin ba na son lambun da babu malam buɗe littafi a cikinsa.

Duk wanda ya sayi dashe, kafin a ɗora masa a mota sai na nuna masa tsutsar a kan ganye, ƙarama da babba, ya san abin da zai riƙa dubawa a daminar farko.