Kayan rauda na Auta

Alhamdulillah, Auta za ta fara rauda, wato makarantar ƙananan yara, yau na zaga kasuwannin Bab Makka da Balad a Jidda na haɗo mata kaya. Ban ko kalli riguna masu duwatsu ba, waɗannan sai sallah. Auduga zalla na nema, don zafin Jidda ba ya raga wa yaro, sai 'yar rigar sanyi saboda sanyin esi a aji. Wanduna kuwa duk masu roba a ƙugu, yadda za ta sauke da kanta in fitsari ya matse ta. Maɓalli da zif wahalar da malama ne kawai. Na ɗauki masu ɗan girma, zan naɗe ƙafar. Takalmi mai mannewa, babu igiya. Yanzu ina rubuta sunanta a wuyan kowace riga. Iyaye, ku sa mata albarka.