Dashen kaka a bayan gidana

Bara na yi garaje. Ruwa na ɗaukewa a Garwa, cikin Oktoba, na tumɓuke lallen bakin rijiya na mayar da shi gindin katanga. Ɗiyar yayata da ke Faransa ce ta zuga ni, wai a can lokacin nan suke dasa furanni da ƙananan itatuwa, kafin ƙasa ta daskare. To su ai ruwa ke bin bayan dashensu. Mu kuwa sai busasshiyar iskar hunturu. Lallen nan ya kaɗe ganye, ya bushe ƙayau.

Albasa ce ta fitar da ni kunya: a Nuwamba na dasa ta, da la'asar, ina ban ruwa kullum. Bana tun Yuli na dasa lalle da zogale.