Mu yaran Arlit

Mu da muka tashi a Arlit, yarintarmu daban take da ta 'yan uwanmu na nan Tahoua. Garin ma don yuraniyom aka kafa shi a tsakiyar hamada: kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a 1971, kamfanin COMINAK ya biyo baya a Akokan, kusa da Arlit, a 1978. Babanmu ya bar gona a Adar ya tafi, kamar sa'o'insa da yawa.

Damina ba ta dame mu ba, lokacin aikin kamfani ke juya gidan. Ranar da Baba ya yi aikin dare, duk wanda ya yi ihu da hantsi zai gamu da Inna. Yaran ma'aikata muna da famfo da lantarki da asibiti, 'yan unguwar Bukoki kuwa ɗakunan langa-langa da kwali, ruwa sai an ɗebo. Amma ƙwallo ɗaya muke bugawa, da Buzaye da Zabarmawa da Barebari, da Hausa muke faɗa, da ita muke shiryawa. Motocin waya da muke ƙerawa duk manyan kamiyo ne, irin masu ɗaukar duron yuraniyom su bi hanyar Tahoua zuwa Kotonu.

In mun zo hutu ƙauye, dariya ake mana, wai ɗan birni bai iya riƙe hauya ba. Kuma gaskiyarsu ce!

An rufe COMINAK a Maris 2021. Abokan lekwal ɗina sun watsu, wasu Agadez, wasu wajen haƙar zinariya. Ina 'yan Akokan? Ku ɗaga hannu mu gaisa.