Mai ba da tallafi ya fara duba kontabul kafin ya saurari furofesa

Duk wanda ke aiki kusa da kuɗin bincike a nan Yamai ya san cewa abu biyu sun same mu a lokaci guda: kuɗin da ke zuwa daga waje sun ragu, sharuɗɗan da ke biyo bayansu kuma sun ƙaru. Aikina shi ne riƙe lissafin ayyukan bincike, kuma abin da nake gani daga teburina ya sa na yi imani cewa malamanmu ba su gaza wajen ilimi ba. Inda muke faɗuwa shi ne ofishin da ke bayan malamin, wato wurin da ake ajiye rasit, ake rubuta rahoton kuɗi, ake amsa tambayoyin masu binciken lissafi. Wannan ofishi ne ya zama ƙofar shiga, amma shi ne wanda ba a cika kashe masa ko dala ba.

Raguwar kuɗin ba ɓoyayyen abu ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da babban ɓangaren tallafinsu ga Nijar, Bankin Duniya ya tsayar da fitar da kuɗi har zuwa cikin 2024, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, kuma ya sa cire tsabar kuɗi a banki ya zama aikin yini guda kafin a ɗage shi a watan Fabrairun 2024. Ba mu gama farfaɗowa ba sai Amurka ta dakatar da taimakon da take bayarwa a ƙasashen waje a watan Janairun 2025, daga baya ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID. Ingila ma, wadda ta riga ta rage taimakonta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta a 2021, ta sanar da cewa za ta sauko zuwa 0.3 nan da 2027. Sakamakon haka shi ne jami'o'i da yawa na neman kuɗi kaɗan, kuma mai bayarwa ya samu damar zaɓen wanda takardunsa suka fi tsabta.

Sai dai abin da ya fi raguwar nauyi a wurina shi ne sauyin yadda ake biyan kuɗin. A da ana turo kaso na farko, a yi aiki, a aika da hujjoji, a turo na biyu. Yanzu manyan masu ba da tallafi sun karkata ga biya bayan an ga sakamako. Misalin da muka sani kusa shi ne shirin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya fara a 2014, wanda Nijar ta shiga zagayensa na 2019, inda Jami'ar Abdou Moumouni ta samu cibiyar nazarin albarkatun kiwo, wato nama da nono da fatu da ƙiraga, makarantar ma'adinai ta EMIG kuma ta samu cibiyar da ta shafi muhallin wuraren haƙar ma'adinai. A wannan tsari an ɗaura kowane kaso na kuɗi a kan wani ma'auni: yawan ɗaliban digiri na biyu da na uku da aka ɗauka, mata nawa ne a cikinsu, nawa ne suka zo daga ƙasashe maƙwabta, maƙaloli nawa aka wallafa a mujallun da aka amince da su, ko wata hukumar tantancewa ta amince da kwasa-kwasan, da kuɗin da cibiyar ta samo da kanta. Ƙungiyar Jami'o'in Afirka da ke Akra ce ta jagoranci bin diddigin sakamakon, kuma sai an tabbatar da shi kafin kuɗi su sauka.

Ban ƙi wannan tsari ba, domin ya tilasta mana ƙidaya abin da a da ake faɗa da baki kawai, kuma na ga ɗalibai mata da suka samu gurbi saboda an sa wa shigarsu farashi. Amma yana da sharaɗin da ba a rubuta ba, wato da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin ka kawo ɗalibi daga Cadi ko Benin sai ka biya masa masauki da kuɗin ci, kafin maƙala ta fito sai an je daji an ɗebo samfur, an saya wa ɗakin gwaji sinadarai. Jami'ar da kasafinta ke ƙarewa a albashi da alawus ba ta da abin da za ta fara zubawa, don haka sai shekarar farko ta wuce ba a cimma ma'auni ba, kuɗi su ƙi zuwa, rahoton kuma ya nuna kamar cibiyar ce ta yi sakaci.

Wahalar yau da kullum tana cikin hujjar kashe kuɗi. Bari in ba da misalin da kowane kontabul na aikin bincike zai gane. Tawaga ta tashi daga Yamai zuwa rugagen makiyaya a arewacin Tawa, wajen Abalak, domin ɗaukar jinin dabbobi. A gari babu matsala: gidan mai yana ba da rasit, otel yana da lambar haraji ta NIF, yana kuma iya fitar da faktir mai shaidar hukumar haraji, takardar izinin tafiya tana samun hatimin hukuma a zuwa da komowa. Da zarar an bar kwalta, labari ya canza. Mutumin da ya nuna hanya, da yaran da suka kama raƙuma aka ɗebi jini, da mai amalanken da ya kai kaya bakin rijiya, babu ɗayansu mai NIF, wasu ma ba su riƙe da katin ɗan ƙasa. Na tuna wani malami da ya dawo daga irin wannan tafiya ya ajiye mini takardar makaranta da aka yage daga littafi, an jera sunaye da biro, gaban kowane suna an rubuta jika biyu ko jika biyar. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan ba za ta wuce ba." Ya dube ni cikin gajiya ya ce, "To, Malam, in ce wa Buzu ya buɗe rajistar kasuwanci kafin ya kama mini raƙumi?"

Yana da gaskiya, kuma mai binciken lissafi da zai ƙi takardar shi ma yana da gaskiya. Maganin yana nan, kuma ba shi da tsada: a tsara takardar biya tun kafin a tashi, mai ɗauke da suna da ƙauye da aikin da aka yi da kwanan wata da dangwalen yatsa, mai gari ko wakilinsa ya sa hannu a matsayin shaida, sannan a rubuta wannan hanya a cikin littafin ƙa'idojin aikin, a nemi amincewar mai ba da tallafi a rubuce tun ranar sa hannu a yarjejeniya. Abin da aka amince da shi tun farko hujja ne. Abin da aka zo da shi bayan an kashe kuɗi roƙo ne, kuma idan aka ƙi shi, jami'a ce za ta maida kuɗin daga aljihunta. Haka batun takardar lokacin aiki yake: shirin tallafin bincike na Tarayyar Turai, Horizon, yana biyan lokacin malami ne bisa rajistar da ke nuna kwanakin da ya yi wa aikin, kuma wanda ya bari sai ƙarshen shekara ya zauna ya cike ta gaba ɗaya yana jefa dukan albashin aikin cikin haɗari.

Wa zai tsara duk wannan? A nan ne maganar kuɗin gudanarwa ta shigo, kuma a nan nake ganin muna cutar da kanmu. Masu ba da tallafi sun san cewa aiki yana cin wutar lantarki da intanet da lokacin ma'aikatan ofis, shi ya sa suke ƙara wani kaso a kan kasafi. Horizon yana ba da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin da suka cancanta, Gidauniyar Gates tana kaiwa har kashi 15 ga jami'o'in da ke wajen Amurka, cibiyoyin binciken lafiya na Amurka, NIH, sun tsaya a kashi 8 ga cibiyoyin ƙetare. Sau da yawa malaminmu yakan rage wannan kaso da kansa don kasafinsa ya yi arha, ko kuma kason ya zo ya narke cikin babban asusu ba tare da ofishin ayyukan ya ga komai ba. A ganina, ya kamata majalisar kowace jami'a ta yanke a rubuce cewa ba za a aika da neman tallafi ba sai da wannan kaso cikakke, kuma wani yanki nasa sananne zai tafi ne ga albashin ƙwararrun kontabul da jami'in saye da mai adana takardu. Ma'aikacin da aka horar a wani aiki bai kamata ya tafi ranar da aikin ya ƙare ba, domin da shi ake tafiya da duk abin da jami'ar ta koya.

Wannan ya fi shafar jami'o'in jihohi. Ta Tawa da ta Maraɗi da ta Damagaram sun zama jami'o'i ne a 2010, na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi kuma a 2014, don haka ba su da dogon tarihin rahotannin lissafi da mai ba da tallafi zai duba. Ga kuma tambayoyin da ake yi kafin a saki ko sefa ɗaya: rahoton binciken lissafi na shekarun baya, ƙa'idar saye, ƙa'idar hana cin hanci, dokar bayyana alaƙa idan mai kwangila ɗan'uwan mai sa hannu ne, rajistar kayan aiki. Jami'ar da ba ta da waɗannan takan ƙare a matsayin ƙaramar abokiyar aiki, ita ce mai ɗebo bayanai a daji, kuɗin da shugabancin aikin kuma suna hannun wata jami'a a Turai. Akwai ma'aunin kyakkyawan riƙon kuɗin tallafi na GFGP, wanda aka tsara a Afirka aka amince da shi a 2018, mai matakai huɗu daga tagulla zuwa sama, kuma ko jami'a ba ta nemi takardar shaidarsa ba, tambayoyinsa sun isa su nuna mata inda take da giɓi.

Sharuɗɗan ba su tsaya ga kuɗi ba. Binciken da ya taɓa lafiyar mutane sai ya bi ta kwamitin ɗa'a na ƙasa, bayanan mutane suna ƙarƙashin hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP, fitar da samfurin tsiro zuwa ƙetare kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya kan raba amfanin albarkatun halitta. Waɗannan kariya ce gare mu, bai kamata sai baƙo ya tuna mana da su ba.

Ga kuma batun canjin kuɗi: kuɗin euro suna da sauƙi ɗaya, tunda sefa na ɗaure da shi a kan sefa 655.957 kowane euro ɗaya, amma tallafin dalar Amurka yakan ragu ko ya ƙaru tsakanin ranar sa hannu da ranar biya, kuma kasafin da bai yi tanadin hakan ba yakan gaza a shekarar ƙarshe, daidai lokacin da ɗalibai ke rubuta kundinsu.

Ƙasashen Tarayyar Afirka sun daɗe da ɗaukar alkawarin kashe kashi 1 cikin ɗari na arzikinsu a kan bincike, kuma yanzu da muke maganar dogaro da kai, a nan ne za a gwada maganar. Ba na tsammanin baitulmali ta maye gurbin duk abin da ya tafi. Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma ana iya sa shi a kasafin baɗi: asusun juyawa wanda jami'a za ta ara ta fara aiki da zarar an sa hannu a yarjejeniya, ta mayar idan kason mai tallafi ya sauka, tare da gurabun aiki na dindindin ga masu kula da tallafi a kowace ɗaya daga jami'o'in gwamnati, daga Yamai har Difa.